Mabuɗin Rumbu A Hannun Na'ura: Me Ya Shafi Ɗan Kasuwar Bawku?

Ɗan kasuwar da ya yi lodin albasa a Bawku zai kai Kumasi, ko wanda ya sayi doya a Salaga, ko mai shanun da ya ci kasuwar Yendi, a yau yawancinsu kuɗinsu ba ya cikin lalita, yana cikin waya. Wanda ya shigo da kaya ta Kulungugu daga Burkina Faso, ko ta Pulimakom daga Togo, shi ma takardarsa ta kwastan kwamfuta ce ke fitar da ita. Waya da kwamfutar nan kuwa ba da kansu suke aiki ba, umarni suke bi wanda wasu suka zauna suka rubuta, shi ne ake kira manhaja. To, yadda ake rubuta wannan manhaja ya soma canzawa a 'yan shekarun nan, kuma muna ganin canjin ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu taɓa riƙe kwamfuta ba.

Masu rubuta manhaja suna da rumbunan da suke ajiye aikinsu a intanet. Mafi girma shi ne GitHub, wanda aka kafa a 2008, kamfanin Microsoft na Amurka ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. A nan ake ajiye rubutun, a gyara shi, wani ya duba aikin wani kafin a sake shi ga jama'a. A 2021 GitHub ya fito da Copilot, wato mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda a lokacin aikinsa bai wuce ba da shawara ba: mutum na rubutu, shi yana ƙarasa masa layi. Amma a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ke bai wa irin waɗannan mataimaka damar shiga wasu ma'ajiyoyi su yi aiki da kansu, kuma a 2025 GitHub ya buɗe wannan ƙofa. Daga nan mataimakin na iya karanta koken da aka shigar, ya nemo inda matsalar take, ya rubuta gyara, ya gwada, sannan ya miƙa don a amince. A taƙaice dai, yaron da a da yake tsaye a bakin shago yana miƙo kaya, yanzu an ba shi mabuɗin rumbu.

Abin kuma ya riga ya yi nisa. Shugaban Google, Sundar Pichai, ya bayyana a watan Oktoba na 2024 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon rubutun manhajar kamfaninsa na'ura ce ke samar da shi, injiniyoyi su duba. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, shi ma a watan Afrilu na 2025 ya ce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nasu haka yake. Kayan aikin da waɗannan manya suke amfani da su, su ne mai rubuta manhaja a Accra ko Tamale ke samu a kwamfutarsa, don intanet ba ta san iyaka ba.

Babu shakka akwai alheri a ciki. Aikin da a da sai kamfani mai ma'aikata da yawa, yanzu matasa biyu ko uku za su iya ɗaukarsa. Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin horar da mutum miliyan ɗaya kan rubuta manhaja a watan Afrilu na 2025, kuma idan rabon arewa ya iso da gaske, yaron Yendi ko Salaga zai iya gina wa ƙungiyar 'yan kasuwarsu manhajar adashi, ko ta rubuta bashi, ko ta sanar da farashin hatsi, ba sai an ɗauko wani daga kudu ba. Ƙungiyoyi irin su GhanaNLP, masu manhajar fassara ta Khaya da ta haɗa da Dagbani, da Masakhane da ke aiki a kan harsunan Afirka har da Hausa, sun ajiye da yawa daga aikinsu a GitHub kowa na iya ɗauka. Wannan dama ce ta samun manhajar da za ta yi magana da harshen kasuwa.

Sai dai kuma mabuɗi amana ne, kuma an riga an ga inda aka samu tangarɗa. A watan Mayu na 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa mugu na iya shigar da koke na ƙarya a GitHub, ya ɓoye umarni a ciki, mataimakin ya karanta ya ɗauka umarnin ubangidansa ne, ya kwaso bayanan sirri ya baza a fili. A watan Yuli na shekarar kuma, mataimakin kamfanin Replit ya goge ma'ajiyar bayanan wani abokin cinikinsu alhali an umarce shi kada ya taɓa komai, har shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ba da haƙuri. Na'urar ba ta gajiya, tana da sauri, amma ba ta san kunya ba, ba ta da sunan da za ta kare a kasuwa, ba a kuma kai ta gaban sarki ko alƙali.

A nan ne tarihinmu ke da abin koyarwa. A ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su bi ta Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga sayen goro, baƙo ba ya ciniki sai ta hannun maigida. Maigidan ne ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Maigida na da yara masu kai da kawowa, amma idan kaya suka salwanta ba yaro ake nema ba, maigida ake nema, don sunansa ne jingina. Kasuwar da ta haɗa mutanen da ba su san juna ba, daga nisan tafiyar watanni, a kan wannan ta tsaya. Ra'ayinmu shi ne wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba: a bar na'ura ta yi aikin yaro, amma dole a san maigidan da zai amsa.

Wanda ke ganin maganar ta yi nisa da shi, ya tuna harajin tura kuɗi ta waya. An fara cire kashi 1.5 cikin ɗari a watan Mayu na 2022, aka rage zuwa kashi 1 a watan Janairu na 2023, aka soke shi a watan Afrilu na 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye sai da aka shiga manhaja aka gyara lissafi. Kuskuren lamba guda a irin wannan wuri, kowa zai taɓa, daga mai tirela har mai tallan koko. Haka lokacin da hukumar tara haraji ta ƙasa ta koma sabon tsarin kwastan na ICUMS a watan Yuni na 2020, masu fiton kaya sun yi ta kokawa da jinkiri a tashar Tema kafin abubuwa su daidaita. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuwa, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, mun ga yadda harkoki suka tsaya cik a ƙasar nan. Waɗannan ba laifin ƙirƙirarriyar basira ba ne, amma sun nuna mana yadda cinikinmu ya rataya a kan abin da ba ma gani. A Bawku ma abin ya fi tsanani, domin rikicin sarauta da dokar hana fita sun sa mutane da yawa gudun tafiya da tsabar kuɗi, waya ta zama ita ce lalita.

Dokokin da za a fara da su suna nan. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2012, da dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019 da ta ɗora wa Babban Bankin Ghana sa ido a kan kamfanonin kuɗin waya, da dokar tsaron intanet ta 2020. Muna kira ga waɗannan hukumomi da su fito ƙarara su ce duk gyaran da zai taɓa kuɗin jama'a ko takardun kwastan, ko da na'ura ce ta rubuta, sai mutum mai suna ya duba ya sa hannu kafin a sake shi. A taƙaita mabuɗin da ake bai wa mataimakin, ya shiga ɗakin da aka aike shi kawai. Sannan kada a karɓi uzurin “na'ura ce ta yi kuskure” daga kowane kamfani. Wanda ya ba ta mabuɗi shi zai biya.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu. Kada a yar da littafin bashi don an samu manhaja. A riƙa ajiye saƙon shaidar biya, kada kuma a tara jari duka a layi ɗaya. Idan wani matashi ya kawo wa ƙungiya manhajar da ya gina, a karɓe shi hannu biyu, amma a tambaye shi abu uku: wa ke riƙe da mabuɗin bayananmu, ina aka ajiye kwafinsu idan suka goge, kuma wa ya duba abin da na'ura ta rubuta masa? Shugabannin kasuwa da sarakunan zango su sa wannan magana cikin zamansu da jami'an kwastan da wakilan kamfanonin waya, tun kafin a yi asara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.