Taswirar Baɗala a Maiduguri: Wa Aka Zana, Wa Aka Tsallake?

Duk lokacin da gwamnatin Borno ta ɗaura ɗamarar yaƙi da baɗala, abin da ake fara ji shi ne jerin unguwanni. A watan Janairun 2017, zamanin Kashim Shettima, da aka haramta sayar da barasa da buɗe gidajen karuwai, sunayen da suka yi ta yawo su ne Galadima, Gamboru, Moduganari, Wulari da hanyar Baga. A 2025 Gwamna Babagana Zulum ya sake tayar da maganar, har ya fito fili ya zargi wasu jami'an tsaro, masu ci da waɗanda suka bar aiki, da hannu a lalacewar. A wurina wannan furuci nasa ya fi jerin unguwannin nauyi.

Irin wannan taswira wurin sayarwa kawai take nunawa, ba ta nuna inda mai saye yake kwana. Motar da ke tsayawa a bakin lungu bayan isha'i, a sauke gilashi kaɗan, a miƙa wa yaro kuɗi ya ruga ya kawo ƙulli, ba ta 'yan lungun ba ce. Katan-katan na tramadol kuma ba a Moduganari ake haɗa su ba. Yawancinsu daga Indiya ake shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa na kudu, su ratsa shingayen bincike iri-iri kafin su iso mana.

Amma wa ke kwana da tabon? Talakan unguwa. A waɗannan wurare akwai limamai, akwai malaman tsangaya, akwai matan da Boko Haram ta kashe wa mazaje suna tuyar ƙosai don yara su je makaranta. Yarinya mai tarbiyya ta samu manemi, da dangin yaro sun ji sunan unguwarsu sai su ja da baya. Wannan zalunci ne, kuma yana ci mini rai.

Ko a matakin ƙasa, abin da ake faɗa a majalisar shayi, cewa mu ne muka fi kowa shaye-shaye, bai dace da lissafi ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya. Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Gabas tana da 13.6. Ba abin tafi ba ne, domin binciken ya ce cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce.

Ina goyon bayan a rufe matattarar ɓarna. Sai dai rusau ba ya kashe ciniki, unguwa kawai yake sauya masa. Ya kamata gwamnati ta faɗa mana su wane ne masu gidajen da ake bayarwa haya, su wa ke karɓar na goro duk mako, sannan gadaje nawa aka tanada a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga domin matashin da yake son ya daina.