Girman harsashi ko iya saiti: abin da muhawarar mafarautan Turai ke koya wa Gwandu da Kalgo

Shekaru ke nan mafarautan Amurka da Turai suna kai ruwa rana a kan tambaya guda: shin sai da babban harsashi ake iya kayar da manyan namun daji? Masu cewa a'a sun ƙaru tun bayan da kamfanin Hornady ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor a 2007. Hujjarsu ita ce, bindiga mai ƙarfi tana naushin kafaɗar maharbi, tsoron naushin kuma yana sa shi rintse ido ko kauce wa saiti kafin harsashi ya fita. Wadda ba ta da naushi sosai kuwa tana ba shi damar yawaita atisaye har hannunsa ya faɗa. Sukan kafa hujja da W.D.M. Bell, ɗan Sikotlan da ya harbe giwaye fiye da 1,000 a Afirka a farkon ƙarni na 20, da yawansu da harsashi mai faɗin milimita 7 kacal.

Masu ja da su suna cewa Bell gwani ne da ba a samun irinsa kullum. Ƙaramin harsashi a hannun ɗan koyo raunata dabba yake yi, ta tsere ta mutu a wahale, ko ta juyo kan mutane. Shi ya sa dokoki suka shata iyaka. A Ingila, dokar 1991 ta hana harbin manyan barewarsu da harsashin da bai kai inci 0.240 ba, Tanzaniya kuma ta sanya inci 0.375 a matsayin mafi ƙaranci ga dabbobi masu haɗari irin su giwa da ɓauna.

A Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, muhawarar tana da wata fuska dabam. Na farko, manyan namun dajin sun yi ƙaura. Gonakin gero da dawa da albasa a ƙasar Gwandu, da fadamun shinkafa a Kalgo, sun cinye yawancin dajin da gwanki da ɓauna ke buƙata. Abin da mafarauci ke dawowa da shi da rani bai wuce zomo, gafiya, zabon daji ko gada ba. Manyan da suka rage suna wurare irin su Gandun Daji na Kainji da ke jihohin Neja da Kwara, inda farauta haramun ce a dokance.

Na biyu, doka ta riga ta zaɓa wa maharbin karkara makaminsa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja, ciki har da masu harsashin milimita 7.62 da inci 0.303, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba wa lasisi. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, abin da ya ƙara taƙaita hanyar halal.

Sai dai bindigar toka ita ce ta haɗa dukkan illolin da muhawarar ke magana a kai. Babu ma'auni tsayayye na albarushin da ake zuba mata, kuma maharbin da ke son ƙarfi yakan cika ta fiye da kima, har ta tarwatse a hannunsa. Ba ta cin nisa, tana watsa ƙarafa ta ko'ina, sake ɗura ta kuma yana ɗaukar lokaci. Ba banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba. A farautar gayya, inda matasa da karnuka ke kewaye daji guda, wannan watsuwa na iya samun mutum maimakon nama.

Haɗarin yana ƙaruwa idan babbar dabba ta ɓullo. A 2018 giwaye sun shigo yankin Koko/Besse, gwamnatin jihar ta gargaɗi jama'a kada a taɓa su. A Yawuri kuma masunta da manoma sun daɗe suna kuka da dorinar ruwa. Harbin irin waɗannan da bindigar toka tsokano tsuliyar dodo ne, domin dabbar da aka raunata ta fi wadda ba a taɓa ba ɓarna, ban da cewa giwa tana ƙarƙashin kariyar dokar 1985 ta dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Akwai kuma batun tsaro. Tun bayan harin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, wanda ya ci rayuka 15, ana ta kiraye-kirayen a ƙara dogaro da mafarauta da 'yan banga. Sanin daji da suke da shi abu ne mai amfani ga jami'an tsaro. Amma tura mai makamin harbin zomo ya fuskanci mai AK-47 jefa shi cikin halaka ne. Raba musu manyan bindigogi ba tare da rajista da horo ba kuwa na iya zama maganin da ya fi cutar muni.

Darasin da ya dace da Kebbi daga waccan muhawara shi ne, ƙwarewa da sanin iyakar makami sun fi girman harsashi muhimmanci. Sarakunan Baka sun san mafarautan kowace gunduma da sunayensu. Masarautar Gwandu da ƙananan hukumomin biyu za su iya amfani da su wajen yi wa maharba da bindigoginsu rajista, a tsayar da ma'aunin albarushi, a ware lokacin da dabbobi ke haihuwa a hana farauta. Idan giwa ko dorina ta shigo gona, a bar wa jami'an gandun daji aikin, a kuma biya manomi diyyar amfaninsa, domin wanda aka biya ba ya ɗaukar bindiga. A fagen tsaro, matsayin mafarauci shi ne jagora da mai kawo rahoto, yaƙin kuma na waɗanda aka horar aka kuma ba makamai dominsa ne.