Waiwaye: Wa Ke Tsare Bayan Ayari?

Duk wanda ya tasa kafin acaɓa ya cika gari zai tuna asubahin Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Ana idar da salla sai ka ji ƙararrawa a ƙofar gida, ka fito ka tarar da mutum bakwai ko takwas, kowa ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaure buhu a kariya. Mai Raleigh yana hura hanci, mai Phoenix yana cewa hanya ce za ta raba gardama. Daga Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce, kuma ba wanda ya taɓa kiranta motsa jiki. Neman na tuwo muka fita.

Jikana da ke karatu a Ingila ne ya tono mini wannan, da ya aiko mini da tsarin fitar ƙungiyar masu keke ta garin da yake. Su kam kowace tafiya da sunanta. Akwai ta safiyar Lahadi, ana tafe ana hira, a yada zango a shagon shayi. Akwai ta zafafa a tsakiyar mako, inda ake jeruwa layi biyu, na gaba ya tare iska na ɗan lokaci ya koma baya, wani ya karɓe shi, domin wanda ya fake a bayan ɗan'uwansa yakan huta da kusan sulusin wahala. Masu dogon zango kuwa kilomita 200 suke ci cikin awa 13 da rabi, gwanayensu na mafarkin tafiyar Faransa, daga Faris zuwa Birest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu. Ba yau suka fara ba, tun 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke ta Ingila.

Amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta sabbin shiga. Dokarta guda: ba a barin kowa a hanya. Ana ware mutum ɗaya ya tsaya can ƙarshe, ba ya wuce kowa, ko da mai tafiyar hawainiya ne.

Na yi dariya, domin mun san wannan mutum. Namu wani dattijo ne mai faci a bakin layinmu, Allah ya jiƙansa. Ya fi mu ƙarfin gwiwa, amma bai taɓa riga kowa shiga Wudil ba. A jakarsa akwai famfo, da sifana, da sholisho, da guntun tsohon tif. Ranar da tayata ta yi faci bayan mun wuce Mariri, fito ɗaya ya yi, ayarin duka ya sauka gindin tsamiya. Ya zare tif, ya bi shi da yawu yana neman inda iska ke fita, ya kankare, ya manna, su kuma sauran suna ta raba goro suna yi mini tsiya. Mun rasa cinikin safe a ranar. Ban ji wanda ya yi tsaki ba.

Shi ma gado ya yi. Fataken da suke kwashe watanni zuwa Gwanja sayo goro suna da madugu, suna da jagaba mai duba hanya a gaba, sannan suna da uban dawaki a baya, mai tattaro wanda ya gaza da jakin da ya kwanta. Sunan madugu da jagaba na nan a bakinmu, har 'yan siyasa sun ara. Uban dawaki fa? Kamar mun yarda da cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Yau babur ya mutu maka a titi, sai dai a ratse ka ana danna oda.

Ina ganin samarinmu da safiyar Asabar, da hular kwano da kekuna marasa nauyi, kowa na auna gudunsa a waya. Abin na burge ni ƙwarai. Roƙona gare ku, 'ya'yana, kafin ku tashi ku naɗa uban dawaki, ku damƙa masa famfo. In kun yi haka ku aiko a gaya mini. Tsohon Raleigh ɗina na nan jingine a soro, tif kawai yake buƙata.