Wasiƙa Daga Ingila: Danshi Na Mai Gida, Kuɗin Wuta Na Ɗan Haya

Yau da masu gidajen haya na Ingila nake. Da ka kai kukan bango ya jiƙe, fumfuna ta yi baƙi, sai su ce ka sayi na'urar tsotse danshi. To wa zai biya wutar?

Mu yi lissafi. Na'ura mai wat 200, in ta yi awa 10 kullum, ta sha yunit 60 a wata. A Oktoban 2022 yunit ya kai kwabo 34, wato sama da fam 20 ke nan duk wata, daga aljihun ɗan haya. Kuma na'urar ba ta toshe rufin da ke yoyo.

Wasu za su ce shanya a ɗaki ce ke jawo danshi. Na yarda tana ƙarawa, amma shanya ba ta tsaga bango. A 2020 fumfuna ta yi ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, a Rochdale.

Don haka 'yan'uwa, ku kunna na'urar saboda lafiyar yara, amma ku rubuta wa mai gida, ku ɗauki hoto, in ya ƙi gyara ku kai ƙara kansul. Allah Ya kyauta.