Ko Tuwon Ma Ba Za a Bar Talaka Ya Ci Lafiya Ba?

Jama'a 'yan'uwa talakawa, yau maganarmu a kan rumfar tuwo ce da teburin mai shayi. Wanda ya wuni a Kurmi ko Kantin Kwari ko Sabon Gari ba ya komawa gida cin abincin rana, nan yake tsugunawa ya ci. Tun da aka janye tallafin fetur cikin watan Mayu 2023 malmala ta ƙanƙance, kuɗinta ya hau. Wannan mun jure. Tsoro ne ba za mu jure ba.

Sau nawa muka ga mutum da loma a hannu, 'yan daba su auko da wuƙaƙe da gorori, su ƙwace waya, su kifar da tukunyar miya, kowa ya watse ba wanda ya biya? Mai tuwo ta yi hasarar jarinta, amma gobe mai karɓar haraji zai zo da rasit, ba ruwansa.

Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1953 Kano ta san 'Yan Mahaukata, waɗanda aka tanada don dukan 'yan hamayya. Wanda ya yi kiwon ɗan daba saboda zaɓe, a kanmu yake sakinsa bayan zaɓe.

To, ga shawara. Kowace ƙungiyar kasuwa ta riƙa rubuta abin da ya auku, da rana da wuri, shugabanni su kai wa hukuma gaba ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karɓi harajinmu wajibi ne ya tsare mu.