Abin da ke buɗe bakin ɗalibin firamare a ajin Turanci a Japan

Tun daga 2020 Turancin Ingilishi ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na makarantun firamaren Japan, sau 70 a shekara, kuma ana ba da maki. 'Yan aji uku da huɗu suna yin sau 35, galibi ta hanyar wasa da waƙa da sauraro.

Sai dai a jarrabawar ƙasa ta 2023, fiye da kashi 60 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ba su amsa tambaya ko ɗaya daidai ba a ɓangaren magana. Wannan ya sake tayar da muhawara kan abin da ke faruwa a cikin ajin kansa.

Darasin firamare a Japan minti 45 ne. Dokar 2021 ta rage yawan ɗaliban aji zuwa 35, a hankali har zuwa 2025. Ko da haka, in malami zai bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar kowane yaro zai samu minti guda da 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa raba yara bibbiyu ko rukuni-rukuni ya fi amfani: duk ajin na magana lokaci guda, kuma yaron da kunya ke hana shi miƙewa a gaban jama'a yakan saki jiki da na kusa da shi.

Sai batun kunne. Kusan kowace gaɓa a harshen Japananci da wasali take ƙarewa, don haka kalmar Turanci ta madara, mai gaɓa ɗaya, takan koma "miruku", gaɓa uku. Bahaushen da ke cewa "burodi" ya san wannan hali. Idan yaro ya fara ganin kalma a rubutun katakana kafin ya ji ta, lafazin Japananci ne zai zauna masa. Gara kunne ya riga ido.

Mafi nauyin lamarin yana kan malamin aji. Shi ke koyar da lissafi da harshen gida da sauran darussa, kuma da yawa daga cikinsu sun yi karatun malanta ne lokacin da babu Turanci a manhajar firamare. Shirin JET, wanda tun 1987 yake kawo mataimakan malamai daga ƙetare, yana rage wannan giɓi, amma mataimaki ɗaya kan zagaya makarantu da dama. Baƙo ba ya sanin wane yaro ne gyara a bainar jama'a zai sa ya yi gum har ƙarshen zango. Malamin aji ne ya san wannan, kuma in yara suka ga shi ma yana gwada Turancin, yana kuskure ba tare da jin nauyi ba, tsoronsu kan ragu.

Daga 2022 gwamnati ta fara faɗaɗa tsarin ware malami na musamman ga wasu darussa a aji biyar da shida, ciki har da Turanci. Wannan zai gyara lafazi, amma yana iya janye malamin aji daga darasin. Kuma tsarin ya zo ne a daidai lokacin da makarantun ƙasar ke fama da ƙarancin malamai.