Makullin Babur Ba Kyautar Yaro Ba Ce

'Yan uwa malamai da iyayen ɗalibanmu, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar sakandare a garin Daura da sanyin safiya ya san abin da zan faɗa. Yaro ɗan shekara goma sha uku, ƙafarsa da kyar take taɓa ƙasa, ya goyo ƙannensa biyu a babur, babu hular kwano a kan ko ɗayansu, yana kutsawa tsakanin motar kaya da keke napep. A zangon karatun da ya wuce na kira sunan wani ɗalibina a rajista har mako shida babu amsa. Yana kwance a gida da karaya a cinya, jarrabawa kuma ta wuce shi. Mahaifinsa ne ya miƙa masa makullin da hannunsa.

Doka ba ta bar mu cikin duhu ba. A Najeriya ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Wannan shi ne ainihin zangon shekarun da ke zaune a azuzuwanmu.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babur mai caji ya fara shigowa gidaje, wasu iyaye kuma suna kallonsa a matsayin abin wasa. Kuskure ne babba. Ba shi da ƙara, don haka tsohuwar da za ta tsallaka titi ba ta jin zuwansa. Da an murɗa hannunsa yake zabura, ba kamar keke ba wanda ƙarfin ƙafar yaro ke iyakance gudunsa. Batirinsa kuma, idan ya bugu ko aka haɗa shi da cajar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta cikin ɗakin da yara ke barci. Birnin Faris na Faransa, duk da kyawun titunansa, ya hana hayar ƙananan babura masu caji na tsaye a 2023. Mu da muke raba hanyar Kwangwalam da manyan motoci, me muka dogara da shi?

Za a ce kuɗin mota ya yi tsada, makaranta kuma da nisa. Gaskiya ne, mu ma albashinmu ya san haka. To amma kuɗin ɗori da na asibiti sun fi kuɗin kabu-kabu na shekara guda. Za a ce yaron ya ƙware. Iya murɗa totur daban, iya auna gudun motar da ke tahowa daban. Za a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu bai kamata ya tuna da ita sai a kan ɗansa ba.

Saboda haka ina kira ga reshenmu ya tsaya kan abu huɗu. Shugabannin makarantu su daina karɓar babur, mai mai ne ko mai caji, daga hannun ɗalibin da bai kai shekara 18 ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ta sa batun a taronta na gaba, ta kuma tsara yadda iyayen unguwa ɗaya za su haɗa kuɗin abin hawa. A gayyaci jami'an kiyaye haɗurra da na KASSAROTA su yi wa ɗalibai bayani a taron safe. A kai kuka fadar Mai Martaba Sarkin Daura, domin hakimai da dagatai da masu unguwanni a Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure su tsawatar, musamman kan wasan babur na ranar biki.

Sai mu kanmu. Malamin da ke zuwa aiki a babur da kai tsirara ba shi da bakin yi wa ɗalibi faɗa. Garin da ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya bai dace ya kasa koya wa 'ya'yansa hawa titi ba. Mu fara sayen hular kwano a ƙarshen watan nan.